Jama'a a kula da masu cewa batirin laftof ɗinka ya mutu don caji ya tsaya a 60%

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai laftof, ko mai ɗa ko ƙani a makaranta da ke amfani da ita, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, saboda akwai wata cuta da ake yi wa mutane da sunan canjin batiri kuma wallahi ta fara yawa, ɗalibai da mata masu sana'a a gida su aka fi rutsawa da su.

Yanda abun yake, ka jona laftof a wuta tun safe amma caji ya ƙi wuce 60% ko 80%, hankalinka ya tashi, sai ka ci karo da tallan wasu a Facebook ko WhatsApp wai orijina batiri sabo fil a kwali, garanti wata shida, ana turawa ko'ina ta tasha. Ko kuma ka shiga kasuwa wani yaro ya tare ka tun daga bakin ƙofa, yallaɓai me za a gyara, ya ja ka wani lungu wajen "injiniya". Shi kuma ko minti biyu ba zai yi yana dubawa ba zai girgiza kai ya ce ai sel biyu, wato ƙananan batiran da ke cikin batirin, sun mutu, in ba a canza yau ba zai ƙona maka bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Da ka ji an ambaci bod shikenan jikinka ya yi sanyi. A yi ciniki, sannan a zo inda ribarsu take, wai ka bar mana tsohon mu rage maka wani abu.

Toh tsohon nan da ka bari, a lokuta da yawa lafiyarsa ƙalau.

Kamfanonin da kansu ne suka sa wa kwamfutocin tsarin da ke tsayar da caji kafin ya cika, domin batirin lithium ba ya son zama a cike kullum cikin zafi, yana saurin tsufa. A Lenovo ana ce masa Conservation Mode, yana cikin manhajar Lenovo Vantage, tsofaffin suna tsayawa tsakanin 55 da 60, na baya-bayan nan wajen 80. ASUS suna da nasu a MyASUS, ka zaɓi 60 ko 80 ko 100. HP na ofis irin su EliteBook da ProBook nasu yana cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ka danna F10 lokacin kunnawa ka nemi Battery Health Manager. Dell kuma F2 za ka danna ka shiga BIOS ɗin. Har MacBook ta kamfanin Apple tun daga manhajarta ta Big Sur ta 2020 takan riƙe caji a 80 ta ƙarasa daga baya. Mu da yawancinmu sakan muke saya, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su, sau da yawa da tsarin a kunne suke zuwa tunda can a kan tebur suke yini a jone. Mai gyaran ya san wannan sarai. Kana waje kana jira ko ka tafi sallah zai kashe tsarin, ya sa maka nasa batirin, ka dawo ka ga 100% har kana yi masa godiya.

Haka aka yi wa ƴar yayata da ke rubuta furojet, Lenovo ce tsohuwar yayi mai batirin da ake zarewa ta baya. Ta kira ni da murna, Kawu ai na gyara yanzu har ɗari take kaiwa. Ba a je ko'ina ba ta fara ganin abun mamaki, caji yana 40 da wani abu sai ya diro 7, wani lokacin ma ta ɗauke ɗif ba sallama tana tsakiyar rubutu. Da ta kawo muka duba, gefen batirin duk shatin sufa gulu ne inda aka ɓare aka mayar, sitika a karkace, da muka buɗe sel shida ne kala uku, kore da ruwan hoda da shuɗi, an haɗa su da dalma baƙi-baƙi irin aikin hannu, wani har da tsatsa a kansa. Wato daga matattun batira daban-daban aka tsinto su. Wanda ta saya a wajensa kuwa tuni ya toshe lambarta, kuma nata na ainihi ya tafi, ƙila yana hannun wani da aka sayar wa a matsayin orijina na kan injin.

Dalilin dirowar nan shine sel ɗin a jere suke aiki, in guda ya fi sauran rauni shi ke fara ƙarewa, da ya sauka ƙasa da ƙa'ida ɗan allon da ke cikin batirin ya yanke wuta gaba ɗaya ko da sauran suna da saura.

Kafin ka kai wa kowa, ka fara duba tsarin da na faɗa. Sannan a Windows ka rubuta cmd a wajen bincike ka buɗe shi, a baƙin shafin da zai fito ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto ya nuna inda ya sa shi. Abu biyu za ka kalla, Design capacity wato ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da Full charge capacity wato abun da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 48,000 ne na biyu 40,000, malam batirinka yana da sauran rai sosai kar wanda ya tsorata ka. In ya koma 15,000 toh wannan kam ya gaji da gaske. Ka ɗauki hoton rahoton, da lambar jikin batirin in ana ganinta, kafin kwamfutar ta bar hannunka.

Amma fa in sabon da za a sayar maka ne kar ka dogara da rahoton kaɗai, don akwai na'urar da suke goge lissafin ɗan allon da ke cikin batirin da ita ya koma sifili, irin yanda wasu dillalan mota ke mayar da mita baya. Gwajin gaskiya shine a cika shi a gabanka, a zare caja, a kunna bidiyo ka zauna kana kallon yanda yake sauka. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan ka ɗauki kayanka ka yi gaba. Kuma ka duba rubutun jiki, batiri mai sel shida na 10.8 ko 11.1V yawanci 4400 zuwa 5200mAh ne, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, sel mai kyau irin wannan ma yawanci bai wuce wajen 3500 ba, biyu-biyu ake haɗa su kaga wajen 7000 kenan, amma sai ka ga sitika ta ce 9900 a ɗan siririn batiri mara nauyi. Ƙarya ce tsagwaronta.

Wani lokacin ma caja ce matsalar. Cajar Dell mai zagayen baki akwai wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfutar ke gane ƙarfin cajar, in ta lanƙwashe ko cajar jabu ce sai laftof ta kunnu amma batiri ya ƙi ɗauka, a BIOS wajen AC Adapter za ka ga Unknown maimakon 65W ko 90W. Ka ari cajar wani mai irin taka ka gwada, kyauta ne. Ga kuma zafi, batirin nan ba a so a yi masa caji in ya haura digiri 45, mu kuma a watan Afrilu iskar gari kanta sai ta wuce 40, sannan a ɗora ta kan katifa a toshe mata hanyar iska, dole caji ya dinga tsayawa.

Abun da ya fi damuna ba kuɗin ba ne ma, gobara ce. A 2006 Dell sai da suka janye batira miliyan 4.1 da Sony ta ƙera saboda wasu na kamawa da wuta, kamfanoni kenan masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji, ina ga wanda aka haɗa a lungu da dalma kuma yara suna kwana da shi a hostel a jone. In ka ga wajen linzami, inda ake goga yatsa, ya taso ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki, wannan kumburi ne, daina caji nan take, kar ka danna kar ka huda, wannan shine wanda canjinsa ya zama dole.

In za ka canza, ka je shago tsayayye da kanka, a buɗe a gabanka, a rubuta maka rasit mai lambar batirin da kwanakin garanti, kuma tsohonka ka karɓi abinka ko sun ce za su rage nawa ne. Masu cewa turo kuɗi mu ba direba, kar ka tura sai kaya sun iso an gwada. Wanda kuma an riga an yi masa ya ajiye alat da hirarsu, in a kasuwa ne ya fara da shugabannin ƙungiyar kasuwar don su suka san rumfar kowa, in an ƙi ji akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta.