Hattara da mai tallan Zero na Tamiya a rabin farashi

'Yan'uwa masu harhaɗa ƙananan jiragen roba, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da rukunonin WhatsApp yana tallan jiragen yaƙin Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, yana cewa kai tsaye daga Japan yake kawo su. Ni ya ci kuɗina, kuma na san aƙalla mutum ɗaya da ya faɗa hannunsa bayana.

Abin da ya ja ni shi ne samfurin jirgin yaƙin Mitsubishi A6M5 Zero na kamfanin Tamiya, mai sikeli 1/32, wato kashi ɗaya cikin 32 na girman jirgin gaske. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san ba ƙaramin kaya ba ne: ana haɗa injin Sakae ɗinsa gunduwa-gunduwa, har da sassan ƙarfe a ciki. Ya sa hoton kwali a naɗe da leda, ya yanka farashi kusan rabin abin da na saba gani. Da na tambayi dalili, sai ya ce wai wani ne ya yi oda ya fasa. Kwaɗayi ya rufe min ido, na tura kuɗi.

Bayan kwana 4 ya kira, wai kaya sun maƙale, sai na ƙara kuɗin fito. Na ƙara. Aka ba direba saƙon, na je tasha na karɓa. Tun a hannu na ji kwalin ya yi sakayau, na girgiza shi na ji abu na yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Kwalin na gaske ne, amma ledar an sake naɗa ta ne aka manne da zafi, gefenta duk ya tattare. A ciki na tarar da wani tsohon Zero mai sikeli 1/72, babu sunan kamfani a jikinsa, an cusa jarida don ya cika wuri. Babu gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi, farfela ta karye kunne ɗaya. Sitikar ruwa kuwa ta yi rawaya saboda tsufa. Na yanko jan da'irar nan ta Hinomaru na tsoma a ruwan ɗumi, nan take ta farfashe kamar ɓawon ƙwai. Ina kiransa ya yi bulokin ɗina.

Da na natsu na koma shafinsa, sai na ga alamu birjik waɗanda da na duba tun farko da ban faɗa ba. Ya sa hoton wani Zero da aka gama fenti, kore shar a sama, ya rubuta wai na harin Pearl Harbor ne. Zeron da suka kai wannan hari a Disamba 1941 samfurin A6M2 ne, kuma launinsu toka-toka ne mai haske. Koren ya zama ruwan dare ne daga 1943. Ya kuma kira Nakajima Ki-43 Hayabusa da Zero, alhali Hayabusa na sojan ƙasa ne, Zero na sojan ruwa. Mafi ban dariya, ya manna sunan Kawasaki Ki-61 Hien a kan jirgi mai dunƙulallen hanci. Hien dogon hanci ne da shi, domin injinsa kwaikwayon DB 601 na Jamus ne, mai sanyaya da ruwa. Mutumin bai san abin da yake sayarwa ba, hotunan wasu kawai yake kwasowa.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya buɗe kwali a kiran bidiyo, ya ɗaga kowane firam ɗin roba da sassan jirgin ke manne a jikinsa ka gani. Kowane firam yana da harafinsa, kuma takardar umarni tana nuna waɗanda ya kamata su kasance. Ka nace sai ka ga firam ɗin gilashi da takardar sitika, su ne ke fara ɓacewa. Sannan ya aza rula a kan fiffike. Faɗin fukafukan A6M5 mita 11 ne, don haka a 1/32 zai kai kimanin santimita 34, a 1/48 kusan 23, a 1/72 kuwa wajen 15. Rula ba ta san zaƙin baki ba. In ya ce ba zai fasa leda ba don kada darajar kaya ta faɗi, to a biya sai kaya sun iso hannu, ko a bar masa abinsa.

Wani abu kuma, kada tsoro ya sa a zargi mai gaskiya: in ka ga an rubuta Filifin a kwalin Tamiya, wannan ba alamar jabu ba ce, suna da masana'anta a Cebu. Haka tsohon kaya ba laifi ba ne in an faɗa maka tsoho ne, da yawanmu a kan irinsu muka koyi riƙe gam.

Yanzu ya canza sunan shafin, ya koma tallan wani jirgin yaƙin Japan, Shiden-Kai, na kamfanin Hasegawa. Amma hoton kwalin Zeron nan yana nan, a kan jar darduma mai ƙunar dutsen guga a kusurwar hagu. In kun ga wannan darduma, shi ne.