Kwas ɗin kare kai na mata: darasin ido da tafiya ya biya kuɗinsa

Kwas ɗin na mata ne zalla, ana yin sa ranar Asabar a wani ɗakin motsa jiki nan Kano, malamar kuma ta daɗe tana wasan taikwando. Ƙwacen waya ne ya sa na shiga, ga shi aikin asibiti kan hana ni dawowa gida sai bayan isha'i. Akwai naushi da shuri, amma rabin darasin a kan ido yake, da yadda mace ke ɗauke da jikinta a hanya.

Malama ta kafa hujja da binciken Betty Grayson da Morris Stein na 1981 a Amurka. Sun ɗauki bidiyon masu tafiya a titunan New York, suka nuna wa fursunonin da aka ɗaure bisa laifin kai hari, suka tambaye su wa ya fi sauƙin farmaka. Zaɓinsu ya yi ta dacewa da juna, kuma salon tafiya ne ya bambanta waɗanda aka zaɓa: taku mai tsawo ko gajarta fiye da kima, jiki kamar ba a haɗe yake ba.

Inda ta fi burge ni shi ne maganar kunya. An raine mu kan cewa 'yar mutunci sunkuyar da kai take yi, don haka da yawanmu muka ɗan turje. Ba ta raina tarbiyyarmu ba. Cewa ta yi runtse ido daban, rashin sanin wanda ke biye da ke daban. Ki ɗago, ki dube shi daƙiƙa ɗaya ko biyu, ki kawar da kai gefe, ba ƙasa ba, ki ci gaba da tafiya. Ya san kin ga fuskarsa. Zura ido kuwa ta hana, domin ɗan daba tsokana yake ɗaukar sa. Mun yi ta gwada ɗaga hannu da cewa “Malam, lafiya?” da murya mai kauri har ta zauna mana a baki. Yanzu waya a jaka take, kuma sai na dubi direba da fasinjojinsa kafin in shiga adaidaita sahu.

Ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: idan an zare wuƙa, a miƙa wayar, in an tsira a kira lambar gaggawa ta 112.

Ƙorafina ɗaya ne, amma babba. Bidiyoyin da aka nuna mana a kwas ɗin duk na Turawa ne masu wando da riga, atisayen ma da kayan motsa jiki muka yi. Mu kuwa da dogon hijabi muke fita, ana iya finciko shi ta baya, mai niƙabi kuma ganinta na gefe ragagge ne. Ba a taɓo wannan ba sai da muka tambaya. Duk wadda za ta yi rajista, ina ba ta ƙarfin gwiwa, amma ta je da hijabin da take fita da shi, ta nemi a gwada komai da shi a jikinta.