Planet Hunters TESS: shafi mai amfani, amma duniya irin Neftun sai an zura ido

Planet Hunters TESS aiki ne na kyauta a dandalin Zooniverse. Tun Disamba 2018 masu sa kai ke taya masana tace bayanan da TESS, tauraron ɗan Adam na hukumar NASA, ke turowa, domin gano duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Kwamfuta da intanet sun wadatar.

Za a nuna maka zanen hasken tauraro guda na kimanin kwana 27, ɗigo-ɗigo a jere. Duk lokacin da wata duniya ta gitta ta gaban tauraronta, hasken zai ɗan ragu na 'yan awoyi, ɗigon su yi ƙasa sannan su dawo daidai. Sai ka yi wa wurin alama ka wuce. Shafin kan saka gittawar gwaji a wasu zanuka, ya faɗa maka ko ka kama ta, kuma wannan ne ya fi saurin horar da ido.

Wahalar tana ga duniyoyi masu girman Neftun. Faɗin Neftun, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya Rana, ya kusa ninka na Duniyarmu sau 4, faɗin Rana kuwa ya ninka na Duniyarmu sau 109. Saboda haka idan irinta ta gitta tauraro kamar Rana, abin da za ta tare bai wuce kashi 0.13 cikin ɗari na hasken ba, alhali mai girman Jupita kan tare kusan kashi 1. A tauraro mai dishi-dishi, wannan ɗan ragin ɓacewa yake cikin warwatsuwar ɗigo. Ƙananan jajayen taurari sun fi sauƙi: GJ 436 b, wata duniya mai girman Neftun da ke zagaya irin wannan tauraro cikin kwana 2.6, tana tare kusan kashi 0.7.

Abubuwan da ke yaudarar sabon shiga sanannu ne. A tsakiyar zane akwai giɓi, lokacin da TESS ke sauke bayanai, kuma ragin da ke bakin giɓin yawanci daga na'ura yake ko daga hasken Duniya da Wata. Rami mai zurfi mai tsini kamar harafin V, musamman idan zurfin na farko da na biyu sun bambanta, taurari biyu ne ke yi wa juna husufi. Hawa da sauka a hankali kuma tabon jikin tauraro ne. Mafi muni, kyamarar TESS kan haɗa taurari maƙwabta a ɗigon hoto ɗaya, sai husufin wani ya zo a raunane kamar ƙaramar duniya. Wannan ido ba ya raba shi, sai an bi da na'urorin hangen nesa na ƙasa.

Duk da haka shafin ya cancanci lokacinka. Manhajojin bincike sun fi kama gittawar da ta maimaitu sau da yawa, idon mutum kuwa yana kama ɗaya ko biyu. Ta haka masu sa kai suka gano duniyoyi biyu a tauraron HD 152843, aka sanar a 2021. Ta cikin ta ninka Duniya sau 3.4 a faɗi, tana zagaye cikin kusan kwana 12.

A yi aikin a babban allo, domin a waya ƙaramin ragi ba ya fitowa sosai. Abin da ya ba ka shakka kuma, kai shi zauren Talk, inda masana da tsofaffin hannu ke dubawa.