Shagon duwatsun katantanwa a Erfud: kayan sun yi, amma gugar ta yi yawa

In dai ado kake nema wallahi shagon nan ba shi da laifi. A garin Erfud yake, yankin Tafilalt na ƙasar Maroko, inda hamadar wajen da can teku ce a zamanin Debon, tsakanin shekara miliyan 419 zuwa 359 da suka wuce. Kana shiga za ka ga faranti da tebura har da kwanon wanke hannu, duk na baƙin dutse da halittun tsohon tekun nan da suka zama dutse a jiki suna sheƙi.

Ni goniyatayit ne suka kai ni, masu kama da katantanwa ɗin nan, amma fa ba dodon koɗi bane, dangin notilus ne, wata halittar teku mai ɓawo a naɗe da ɗakuna-ɗakuna a cikinsa. To nan muka fara samun saɓani da mai shagon, don kwando guda takarda ɗaya ya liƙa masa alhali wani ya kumbura kamar ƙwallo wani siriri kamar faifai, wani cibiyarsa a buɗe kana hango zagayen ciki wani kuma a rufe ruf. Nace masa malam ai waɗannan ba iri ɗaya bane, sai yayi dariya yace duk goniyatayit ne. Ban ga laifinsa sosai ba gaskiya, su kansu masana suna kai ruwa rana a kan irin su Manticoceras, wani nau'in goniyatayit ɗin, da suka ƙare wajen shekara miliyan 372 baya, saboda jinsi ɗaya sai ka samu mai kauri da siriri, kuma ƙarami kamanninsa na canzawa in ya girma.

Abin da ya ɓata min rai shi ne gugar. Layin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, inda bangon ɗakunan ciki ke haɗuwa da ɓawon, da shi ake gane dangi. In injin ya ci dutsen da yawa sai layin ya miƙe, ya daina nuna komai. Babbar da na fara ɗauka haka take, da na juya bayanta ma sai ga gam an haɗa ɓari biyu, amma dai da na tambaya bai ɓoye min ba.

Ƙananan da ba a taɓa ba ka ce a fito maka da su, suna cikin kwali a baya, jajaye kamar tsatsa, layinsu fes ko ba tabarau. Guda shida na kwasa bayan dogon ciniki. Saura ka tambayi wane tsauni aka tono su ka rubuta da hannunka, don ba mai rubuta maka.