Na sayi tarihin Stu Ungar, aka kawo mini shi babu shekarar 1997

Na yi odar littafin tarihin rayuwar Stu Ungar daga wajen wani mai sayar da littattafai da ke tallata hajarsa a intanet, kuma duk wanda ya saba sayen littattafan Turanci ta wannan hanya ya san inda farashinsu ya kai yanzu, don haka ba sai na faɗi abin da na biya ba. An sa mini shi a mota, na je tasha na karɓe shi cikin ambulan mai ruwan ƙasa da aka naɗe da salatif har sai da na ari reza. Ya iso a ranar da aka yi mini alkawari, a nan kam ba zan ci haƙƙinsu ba.

Ni ba ɗan caca ba ne, rabona da karta tun muna makarantar kwana. Abin da ya ja ni shi ne labarin mutumin da 'yan poka (wani wasan karta na caca) na Amurka suke cewa ba a taɓa yin mai baiwarsa ba, amma ya mutu hannu rabbana. Daren farko na yi ta karatu har na manta da kuɗin da na kashe. An haife shi a birnin New York a 1953, mahaifinsa yana da mashaya kuma yana karɓar kuɗin masu caca, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a tsakiyar masu lissafin riba da asara. Uban ya mutu yana ɗan saurayi, ya bar makaranta, ya koma cin abinci da wani wasan karta na mutum biyu da ake kira jin rami. Ya ƙware a kansa har ya kashe wa kansa kasuwa, domin bayan ya koma Las Vegas babu mai yarda ya zauna da shi, kuma masu shirya gasa suka riƙa roƙonsa kada ya shiga, tun da jin sunansa kaɗai yana korar sauran 'yan wasa. Rashin abokin karawa ne ya tura shi poka.

A 1980, yana da shekara 26 da fuskar ɗan makaranta wadda ta sa ake ce masa Yaro, ya lashe babbar gasar poka ta duniya a gidan caca na Binion's Horseshoe, inda ya kayar da Doyle Brunson, gwarzon 1976 da 1977, ya tafi da dala 365,000. A shekarar da ta biyo ya sake lashewa a kan Perry Green. Daga nan sai gangara: hodar iblis, da kuɗin da yake ci a teburin karta ya je ya zubar a sukuwar dawaki da cacar wasanni, inda baiwarsa ba ta da wani amfani. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gasar 1990, lokacin da aka tsince shi a sume a ɗakinsa na otal yana cikin masu jagorancin gasar, aka ci gaba da cire masa kuɗin zubi daga tulin da ya bari a gaban kujerar da babu kowa, kuma duk da haka ya ƙare a matsayi na 9. Da a wannan dare na rubuta sharhin nan, da tauraro biyar zan bayar ba tare da tunani ba.

A dare na uku ne abin ya faru. Na kai inda mutumin ya tsiyace, yana yawon neman wanda zai biya masa dala 10,000 na shiga gasar 1997, na juya shafi, sai na ga ina karanta jimlolin da na riga na karanta jiya. Da farko na ɗauka barci ne ya fara ɗibata. Na kunna fitilar waya na duba lambobin shafi, sai na tarar an maimaita shafuka 16 da suka gabata, an ɗinke su a gurbin waɗanda ya kamata su biyo, kuma da maimaicin ya ƙare labarin ya yi tsalle zuwa inda kuɗin gasar suka riga suka fara ƙarewa. Wato babin da ya sa na sayi littafin tun farko, shi ne babu. A kwafin da ke hannuna mutumin ya tashi daga talauci ya faɗa wani talaucin, nasarar da ke tsakani an bar ta a maɗaba'a.

Dole ta sa na ƙona data da tsakar dare na nemi tsohon bidiyon gasar. Wani ɗan poka mai suna Billy Baxter ne ya biya masa kuɗin shiga daf da rufe rajista. 'Yan wasa 312 suka shiga, aka kafa teburin ƙarshe a waje, a titin Fremont, cikin zafin hamada, shi kuwa yana sanye da zagayayyen tabarau mai shuɗin gilashi don ya ɓoye hancinsa da hoda ta cinye, da hoton 'yarsa a tare da shi. A zubin ƙarshe abokin karawarsa John Strzemp ne yake gaba, sai katin ƙarshe ya faɗo mai lamba biyu, ya cika wa Ungar jerin ɗaya zuwa biyar, irin jerin da ya kayar da Brunson da shi shekara 17 kafin nan. Ya ci dala miliyan 1, suka raba da Baxter. Duk wannan a ƙaramin allon waya na gan shi, littafin da na biya kuɗinsa yana ajiye a kan filo.

Da safe na ɗauki hoton shafukan na tura wa mai kantin. Sai bayan la'asar ya amsa da cewa, "Yallabai, a yi haƙuri, haka suka zo mana a kwali." Na ce masa, "Malam, ni ba kwali na saya ba, littafi na saya." Ya ce in mayar da shi a mota da kuɗina, idan wani kwafin ya shigo zai musanya mini, ko kuma ya yi mini ragi a sayayya ta gaba. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa rabin kuɗin littafin, don haka na bar maganar, amma daga wannan lokaci tauraro biyar suka koma biyu.

Sai dai babin ƙarshe ya so ya sauko da ni. Ungar bai zauna kare kambinsa ba a 1998, kuma a ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara aka sami gawarsa a wani ɗan ƙaramin masauki mai suna Oasis a Las Vegas, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a jikinsa, har sai da abokai suka yi karo-karo don biyan kuɗin jana'izarsa. Mutum ne mai munduwar zinare 5 na gasar duniya, wato kyautar da ake bai wa duk wanda ya lashe ɗaya daga cikin wasanninta, wanda shi da Johnny Moss kaɗai suka taɓa zama gwarzon babbar gasar sau uku, kuma na farkon Moss ma a 1970 zaɓe aka yi, ba karawa ba. Na rufe littafin jikina a sanyaye, na ce to, ko da giɓin, labarin ya biya kuɗinsa, bari in ba shi uku.

Ina cikin wannan tunani na buɗe shafukan hotuna da ke tsakiya don in sake kallon fuskarsa, sai gam ɗin ya saki, takardu huɗu suka zubo a cinyata. A nan na lura cewa hotunan duk sun dushe kamar an wanke su, rubutun wasu shafuka ya karkace, takardar kuma sirara ce har ana hango layukan baya, alamun da ke nuna kwafi ne aka gurza, ba bugun asali da aka tallata mini ba. Hoton 1997 ɗin da ya tsira, baƙin tabo biyu ne kawai a inda tabarau yake. Na sake tura wa mai kantin wannan, saƙon ya nuna ya karanta, yau kwana 9 bai ce komai ba. Tauraro biyu na bayar, kuma dukansu na Ungar ne.