Sekiro ko Elden Ring: Wanne Ya Dace da Kai?

Matasan da ke zuwa gidajen gem a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, sun sha tambayata wanne za su fara tsakanin wasannin bidiyo na Sekiro da Elden Ring. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi su, na farko a 2019, na biyu a 2022, kuma dukkansu suna aiki a PS4.

Sekiro ba ya ba ka mafita. Sai ka koyi kare sara a daidai lokacin da takobin abokin gaba ya sauko, har ka karya tsayuwarsa, kuma babu wanda za ka kira ta intanet ya taimake ka. Na ga yaro ya kwana uku a kan Genichiro, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba na wasan, hannunsa na zufa a kan pad, kafin ya kayar da shi. Kwatankwacinsa a fim shi ne fina-finan samurai na Akira Kurosawa, inda sara ɗaya ke raba gardama.

Elden Ring kuwa fili ne mai faɗi, wanda idan dodo ya gagare ka za ka hau doki ka tafi wani wuri, ka ƙara ƙarfi, ka dawo tare da mataimaki. Ya fi kama da fim ɗin The Lord of the Rings, doguwar tafiya mai cin lokaci, abin da mai biyan kuɗin awa a gidan gem ya kamata ya lissafa tun farko.

Mai haƙurin maimaita faɗa ɗaya har ya ƙware, Sekiro ne nasa. Mai na'ura a gida da son yawo, ya ɗauki Elden Ring.