Kifin da muka ci a gungun masu jirgi, kusa da Yauri

Satin da ya wuce ƙanen babana ya ja ni muka hau jirgin inji daga bakin ruwan Yelwa zuwa wani gungu da masu jirgi da Sarkawa masunta ke yada zango, su ci abinci su yi sallah kafin su wuce kasuwannin bakin kogin Kwara. Ni ɗan Birnin Kebbi ne, ruwan da na sani bai wuce na Argungu ba, to wlh da muka kai tsakiya sai da na yi ta salati.

Wurin ba wani gini, rumfunan zana ne da benci, jirage jere an ɗaure su a turaku, taru shanye kan yashi, wani na kwance inji wani na kwarfe ruwa da gwangwani. Rumfar wata dattijuwa muka zauna, ta ce ɗana giwan ruwa ko tarwaɗa? Na ce Inna duk wanda kika zaɓa min. Daga cikin baho ta ciro tarwaɗar tana ta mutsu-mutsu, gabana ta gyara ta da toka ta wanke, ta yi romo da albasar Yauri da attarugu da daddawa, ga tuwon shinkafa mai zafi. Gaskiya kifin da bai kwana a ƙanƙara ba daban yake, tsokar har wani zaƙi-zaƙi take, kuma kuɗin bai kai rabin abin da na saba biya a gari ba. Malmala uku na tashi da ita.

Muna ci wani tsoho na ba mu labari, ya ce kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968 gungayen nan sun fi haka yawa, ruwa ya cinye su aka kwashe Gungawa aka kai su tudu, kuma har yau kututturan itatuwan na nan ƙarƙashin ruwa shi ya sa direban da bai san hanya ba ba ya gudu.

Abin da ya ɓata min rai shi ne dawowa. Mai jirgin ya ɗora buhunan shinkafa da babur biyu kan mu fasinja, rigar ruwa kuwa guda huɗu na ƙirga, biyu ma igiyarsu ta tsinke. Na ce Malam lodin nan bai yi yawa ba? ya ce Allah ne mai tsarewa. Haka ne, amma duk ɗan Kebbi bai manta da jirgin da ya kife wajen Warrah a watan Mayu 2021 ba, gawa nawa aka tsamo. Baffa ya ce mu sauka, muka jira na baya kusan awa ɗaya.

In za ku je ku riƙe tsabar kuɗi don ba POS kuma sabis na ɗaukewa, banɗaki ma babu na kirki. Ku tashi da safe ku juyo kafin la'asar, iska na tashi da yamma.